Tsakanin Ƙofar Gida da Bakin Teku: Matsalar Matafiyin Ƙaraye da Rogo

A duk sa'ad da aka ta da zancen jirgin ƙasa a Nijeriya, galibi manyan birane kaɗai a ke lissafawa: daga Ikko zuwa Ibadan, daga Abuja zuwa Kaduna, daga Kaduna zuwa Kano, daga Kano zuwa Maraɗi. Kai ka ce a tasha a ke haihuwar matafiyi, a tasha kuma buhun hatsi ya ke tsirowa. Alhali kuwa kowace tafiya daga ƙofar gida ta ke farawa. Abin da wannan maƙala ta ke nufin nunawa shi ne, mutumin Ƙaraye da na Rogo bai taɓa rasa hanyar zuwa teku don tekun ta yi nisa ba. Abin da ya rasa, tun zamanin Turawa har zuwa yau, shi ne wanda zai ɗauki nauyin ɗan zangon da ke tsakanin garinsu da bakin dogo.

Dogo ya iso Kano cikin shekarar 1911, a 1912 kuma aka buɗe shi ga 'yan kasuwa da matafiya har zuwa Ikko, tafiyar mil 700. Turawan da suka shimfiɗa shi sun san sarai cewa jirgin ƙasa ba shi da amfani gare su in bai sadu da na ruwa ba. A wancan zamani kamfanin Elder Dempster shi ke da jiragen ruwan da ke ɗauko wasiƙu da fasinja daga Libaful ta ƙasar Ingila, su ya da zango a Saliyo da Takoradi, su iso Ikko cikin kamar mako biyu. Saboda haka hukumar reluwe ta keɓe wani jirgi na musamman, mai taragon kwana da na cin abinci, wanda lokacin tashinsa ya ke bin lokacin isowar jirgin ruwa. Bature ya sauka a Apapa, a loda masa akwatunansa, ya shiga tarago, bayan kamar kwana biyu ya sauka a Kano. Can ƙasarsu ma haka abin ya ke, gama tun 1895 aka gina tashar Riverside a Libaful daf da inda jiragen ruwa ke tsayawa, domin mai zuwa daga Landan ya fito daga tarago ya taka 'yan taku kaɗan ya shiga jirgi.

Wannan hanya ce manyan Arewa suka bi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ta Ikko da Ingila ya tafi aikin hajji a 1921. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka ziyarci Ingila. Ɗaliban adabi kuwa ba sa bukatar a tuna musu da Malam Abubakar Imam, wanda ya je Ingila ta ruwa a 1943 tare da editocin Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi.

To, amma fa wannan kyakkyawan shiri iyakarsa tashar Kano. Daga nan zuwa Ƙaraye, wajen mil 50 yamma da birni, babu jirgi, babu lokaci, babu mai jiran wani. Wanda ya ke so ya kama jirgi daga wannan yanki, ko dai ya niƙo gari ta Gwarzo zuwa Kano, ko ya ratsa ta ƙasar Kiru ya faɗa tashar Ɗangora, ko kuwa in mutumin Rogo ne ya nufi Gimi ta ƙasar Maƙarfi. Dabbarsa jaki, ko kuma ƙafarsa. In ya riski jirgi, to, madalla. In ya tarar ya wuce, sai ya shimfiɗa buzu a tasha ya jira na gaba. Haka gyaɗa da auduga suka riƙa fita daga ƙauyuka a bayan jakai da raƙuma, daga bisani a akori-kura, kuma duk wahalar wannan zango da kuɗinsa a wuyan manomi su ke, tun da farashin da a ke yanka masa na bakin dogo ne.

Har ma dalar gyaɗa da a ke ta alfahari da ita, ya kamata a dube ta da idon basira. Lalle shaida ce ta ƙwazon manomin ƙasar Kano da himmar attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata. Amma kuma shaida ce ta cewa jirgin ya kāsa kwashe abin da aka kawo masa a kan kari, musamman a shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da reluwe ta yi ƙarancin injuna da taragu. Buhun da ya shekara a dala buhu ne da bai kai teku ba.

Talakan da ya yi niyyar hajji kuwa gabas ya ke fuskanta, domin kuɗin jirgin Ikko ba nasa ba ne. Ya bi ta Barno da Fallomi da Abashe, ya shiga ƙasar Sudan, ya yi ta aikin ƙodago a gonaki yana tara guzuri, har ya kai bakin dogo a El Obeid. Daga nan jirgin ƙasa ya kai shi gaɓar Bahar Maliya, a tsare shi a Sawakin don binciken lafiya, sa'an nan ya ƙetare zuwa Jidda. Wasu shekaru su ke yi a hanya, wasu kuma hanyar ce ta zama musu gida, kamar yadda zuriyarsu a garuruwan Sudan ta ke shaidawa.

Akwai wani abin lura ga masu nazarin harshe a nan. Bahaushe da jirgin ruwa ya fara sanin kalmar jirgi. Da dogo ya zo sai ya ce jirgin ƙasa, da na sama ya zo ya ce jirgin sama. Haka kuma ya ari kalmar tasha daga Ingilishi ya shimfiɗa ta a kan duka: tashar mota, tashar jirgin ƙasa, tashar jirgin ruwa. Watau a tunaninsa duk abu ɗaya ne, zango ne bayan zango a cikin tafiya guda. Ba kuwa abin mamaki ba ne ga mutanen da suka gāji fataucin Gwanja, inda madugu ke ɗaukar nauyin ayari tun daga ranar fita har ranar komowa, ya san kowane zango da kowane mashigi, ya san inda za a biya fito. Ba a taɓa jin madugun da ya ce aikinsa rabin hanya ne ba.

Jirgin fasinja na ƙarshe na Elder Dempster, mai suna Aureol, ya daina zuwa Ikko a 1974. Jirgin sama ya riga ya ɗauke masu zuwa Turai da alhazai, mota kuma ta ɗauke sauran. Da aka dawo gina sabon dogo, sai aka yi zaton za a ɗauki darasi. An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, amma tashar Idu da ta Rigasa duk a bayan gari aka ajiye su, har ya zama matafiyi na iya ɓata lokaci da kuɗi masu yawa kafin ya kai tasha da bayan ya bar ta. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan. A 2023 aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa ta Lekki ba tare da dogo ya shiga cikinta ba. Inda za a yaba shi ne layin Ikko zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, domin an miƙa reshensa har cikin Apapa.

Alal misali, a dubi ƙasar Italiya. Jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido da ke kai baƙi birnin Rum ba a Rum su ke tsayawa ba, sai a wani gari da a ke kira Civitavecchia, wanda nisansa da birnin ya yi kusan daidai da nisan Ƙaraye da Kano. Baƙon da bai san kowa ba, bai kuma iya harshen ƙasar ba, yana sauka ya sami motar da za ta kai shi tashar jirgin ƙasa, ya sami lokutan tashi a rubuce, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci ya isa tsakiyar birni. Ba wani sihiri a ciki. Hukumar tashar ruwa da ta reluwe da masu motoci ne kowa ya san lokacin ɗan'uwansa.

Wani zai ce, ai wannan duk tatsuniya ce, gama babu mutumin Rogo da ke shirin hawa jirgin ruwa a yau. Gaskiya ne mutum ya daina, amma kaya ba su daina ba. Waken soya da riɗi da zoɓo ta teku su ke fita, injin ban-ruwa da babur da magungunan feshi da yawa ta teku su ke shigowa, kuma kowace naira da aka kashe a hanya daga aljihun manomi a ke cire ta. Ga madatsar ruwa ta Challawa da aka gama a 1992 a ƙasar Ƙaraye, wadda ta ƙara wa noman rani ƙarfi. Ga rake da masara na ƙasar Rogo. Wani kuma zai ce mota ta fi sauri, jirgin ma ba shi da aminci tun da aka kai masa hari a hanyar Kaduna cikin watan Maris na 2022. Wannan ma magana ce mai nauyi, ba a kuwa raina ta. Sai dai 'yan fashin da suka tare jirgi sun daɗe suna tare motoci a wannan hanya, saboda haka matsalar tsaro ba ta zaɓi dogo ta bar kwalta ba. Batun sauri kuwa, tirela ɗaya ba ta ɗaukar abin da jirgi mai taragu 20 zai ɗauka, hanyoyin da ta ke farfasawa kuma da kuɗin jama'a a ke gyara su.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, a 'yan shekarun nan tekun ce ta matso. An buɗe tashar kaya ta tudu ta Dala a Zawaciki cikin 2023, aka buɗe ta Funtuwa a 2024, domin a riƙa yin takardun kwastan a nan gida maimakon a Ikko. An kuma aza harsashin sabon dogon Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi a 2021. Ƙaraye da Rogo suna zaune ne a tsakanin waɗannan tashoshi biyu. Rogo ma ta fi kusa da Zariya da Funtuwa bisa ga Kano. A nan ne kuma gizo ke saƙa, domin hanyar da ta fi yi wa mutumin Rogo amfani tana ƙetare iyakar jiha: Maƙarfi ta Kaduna ce, Funtuwa ta Katsina. Kowace gwamnati kuwa hanyar da ke kaiwa babban birninta ta fi damuwa da ita, ta iyaka sai a bar wa maƙwabci, maƙwabcin ma ya bar mata.

Don haka abin da ya dace mutanen wannan yanki su nema ba wai a jawo musu dogo har ƙofar fada ba ne. Wannan buri ne da ba za a biya ba, neman sa kuma barin jaki ne a daki taiki. Abin nema ya fi wannan sauƙi. A sami tashar da jirgin kaya da na fasinja za su riƙa tsayawa a wajejen Ɗangora, da wurin ajiye kaya mai rufi. A riƙe hanyar Ƙaraye zuwa Rogo zuwa Maƙarfi da wadda ta bi ta Kiru a matsayin jijiyoyin dogo, jihohin da abin ya shafa su raba nauyin gyaransu a rubuce. A ba ƙungiyar direbobi fili a cikin harabar tasha, ba a bakin titi ba, a kuma sanar da su lokutan jirgi, domin motar da ta tashi daga Rogo da asuba ta san jirgin da za ta tara.

Tun da aka sake tsara masarautar Ƙaraye a 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, waɗannan garuruwa biyu sun sami inuwa guda da za su taru su yi magana da murya ɗaya. Sarki da shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisar yankin da ƙungiyoyin ɗalibai suna iya tambayar ma'aikatar sufuri ta tarayya, a rubuce, wuraren da aka tsara jirgi zai tsaya tsakanin Zariya da Kano, da hanyoyin da aka tanadar don kaiwa gare su. Lokacin yin wannan tambaya shi ne tun a na iya gyara taswira, domin tashoshin Gimi da Ɗangora da Turawa suka zaɓa fiye da shekara 100 da suka wuce har yau suna nan inda aka dasa su.