Mai Fatsa da Kumbar Kogin Clinch

A kogin Clinch, wanda ya taso daga jihar Bajiniya ya gangara Tenesi a Amurka, ba kowane nauyi mai fatsa zai ji a igiyarsa ya zama kifi ba. Wani lokaci kumba ce, halittar nan mai ɓawo biyu da ke binne rabin jikinta cikin tsakuwa. Ƙugiya ta faɗa mata a baki, ita kuma ta datse.

Abin da mutumin zai yi a wannan mintin ba ƙaramin al'amari ba ne. Nahiyar Amurka ta Arewa na da nau'in kumbar kogi kusan 300, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari sun ƙare ko suna cikin haɗari. Clinch kaɗai na ɗauke da fiye da nau'i 40. A 1998 wata tankar sinadari ta kife a garin Cedar Bluff, ta kashe dubban kumba a kogin. Daga 2016 kuma aka riƙa tsintar ɓawon matattu birjik a Kyles Ford, wani wuri a kogin. A Oktoban 2023 hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta ayyana nau'i takwas a matsayin waɗanda suka tafi ke nan.

Ɓarnar ta daɗe. Tun 1891 garin Muscatine da ke gaɓar Misisifi ya fara huda ɓawon kumba yana yin maɓallan riga, har aka kwashe gindin kogunan. Madatsun ruwa suka zo suka ƙarasa.

To, me ya haɗa masunci da ita? Abu ne mai ban mamaki: kumba ba ta iya rainon 'ya'yanta sai da kifi. Macen wani nau'in kan fito da tsokar gefen bakinta, mai kama da ɗan kifi har da ɗigon ido, tana kaɗa ta cikin ruwa. Babban kifi ya kai cafka, sai ta fesa masa 'ya'yanta, ƙanana kamar ƙwayar yashi. Su manne a mashaƙar numfashinsa na wasu makonni, sannan su faɗo su kama zaman kansu. Ita kuma babbar tana tace lita gommai na ruwa a kullum, ruwan da kifin ke rayuwa a ciki. Duk mai son kamu ya yi albarka, dole ya damu da ita.

Dokar kare halittu ta 1973 ta haramta ɗaukar nau'in da ke jerin masu haɗari, kuma ko masana kan sha wuya wajen bambance su. Saboda haka shawara ɗaya ce: a zare ƙugiya a hankali, kada a ɓanɓare bakin da ƙarfi, a ɗauki hoto, a mayar da ita daidai inda take, a sanar da hukuma.

Su ma hukumomin da sauran aiki a gabansu. Gargaɗin tara kaɗai sa mutum yake ya yi shiru. Masunta sun fi jami'ai yawa a bakin ruwa, su ne za su fara ganin mace-mace idan an ba su lambar kira da hotunan tantancewa tare da lasisinsu. A kuma nuna musu dalilin wanke kwalekwale da shanya shi kafin a sauya kogi: wata baƙuwar kumba mai zane, da jiragen ruwa suka shigo da ita a ƙarshen shekarun 1980, a jikin kwalekwale take yaɗuwa, ta haye kan 'yar gida ta hana ta ci da numfashi.