Lissafin da Ke Hana Wayar Lantarki Kama Wuta

Ana koyar da dokar Ohm a makarantu da yawa kamar karatun hadda: ɗalibi ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya manta. Wannan asara ce babba, domin dokar tana aiki dare da rana a duk gidan da lantarki ya shiga.

Bajamushen nan Georg Ohm ne ya bayyana ta a 1827. Abubuwa uku ta haɗa: ƙarfin turi, wanda ake aunawa da bolt, yawan kwarara, da ampiya, sai turjiyar da hanya ke yi wa kwararar, da om. Idan aka raba turi da kwarara, turjiya ce ke fitowa (R = V ÷ I). Idan kuwa aka ninka su, sai a sami ƙarfin aiki, wato wat (P = V × I).

A ɗauki dutsen guga mai wat 1,100 a layin bolt 220, irin na gidajen Nijar. Kwararar da yake ja ampiya 5 ce, turjiyarsa kuma om 44. Idan aka haɗa shi da butar lantarki mai wat 2,000 a soket ɗaya da aka rubuta wa ampiya 10, jimilla ta zama wat 3,100, wato kusan ampiya 14. An ɗora wa soket ɗin abin da ya fi ƙarfinsa, daga nan zafi ke soma taruwa.

Haɗarin ya fi ɓoyuwa a wutar sola, inda mutane ke ɗaukar bolt 12 abin wasa tunda ba ya jan mutum. Na'ura mai wat 120 tana jan ampiya 10 daga batir mai bolt 12, alhali a bolt 220 abin da za ta ja bai kai ampiya 1 ba. Zafin da waya ke yi kuwa kwarara ce aka ninka da kanta, sannan da turjiya. Siririyar waya mai turjiyar om 0.1 za ta mai da wat 10 zafi, ta kuma cinye bolt 1 daga cikin 12. Shi ya sa sola ke buƙatar waya mai kauri. Wannan dalili ne kuma ya sa layin da ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai yake ɗaukar bolt 132,000: idan turi ya yi yawa, kwarara kaɗan ta isa, asarar hanya ta ragu.

Wasu za su ce wannan aikin mai haɗa wuta ne. Gaskiya ne shi ke shimfiɗa waya, amma yakan gama ya tafi. Mai gida da ƴan kasuwa su ne ke ƙara firji yau, su ƙara fanka gobe, a kan wayar da aka auna don ƙwan fitila biyu.

Saboda haka ya kamata darasin ya fara daga rubutun da ke jikin na'ura. A sa ɗalibi ya karanta wat da bolt na kayan gidansu, ya fitar da ampiya, ya gwada da abin da soket zai iya ɗauka. Rabawa ce da ninkawa kawai, kuma wanda ya iya su zai san lokacin da ya dace ya zare abu ɗaya kafin ya jona wani.