A Auna Tsohuwar Kwamfuta Kafin a Yanke Mata Hukunci

Masu ɗorin Aliero sun yi suna a ƙasar Hausa, kuma sanannen abu ne cewa ba sa ɗaure karaya sai sun lalubi ƙashi sun gano inda ya goce. Wannan ɗabi'a ta bincike ita ce ta kamaci masu tsofaffin kwamfutocin kan tebur a Jega da Aliero da Maiyama, ko a makarantu ko a shagunan buga takardu. Da yawa, da zarar na'ura ta fara nawa, sai a ce ta tsufa, a jingine ta, a nemo ta gwanjo. Wannan kuwa cinikin biri ne a sama, domin ba a auna wadda aka yar ba, ba a kuma auna wadda aka sayo ba.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ashe ke nan ɗalibin Maiyama da ke burin shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, dole ne hannunsa ya saba da na'urar tun yana sakandare. Duk kwamfutar da aka jingine alhali tana da sauran moriya, an tauye haƙƙin wani yaro ke nan.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Abubuwa uku ne suka fi jawo nawa, kuma kowanne yana aunuwa. Na farko zafi. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, sannan bazara ta zo da zafin da kan haura digiri 40. Idan ƙwaƙwalwar na'ura ta yi zafi ainun, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Maganin wannan shi ne kakkaɓe ƙura da sabunta man sanyaya ƙwaƙwalwar.

Na biyu ma'adanar wucin gadi, wadda masu gyara ke kira RAM. A cikin Windows akwai Task Manager, wanda ke nuna ko ta cika. Gigabait 4 ya yi kaɗan ga ayyukan yau. A ƙara zuwa 8, sai a ga canji.

Na uku babbar ma'adana mai faifai, wanda kan juya sau 5,400 ko 7,200 a minti. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana bayyana lafiyar faifan da yawan awowin da ya yi yana aiki. Maye gurbinsa da SSD, wadda ba ta da abin da ke juyawa, shi ne gyaran da ya fi kowanne tasiri, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na wata na'ura ba.

Sai dai wani zai ce ai komai gyara, tsoho tsoho ne. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8 zuwa sama, wadda ta fara fitowa a 2017. Saboda haka bai dace a ajiye bayanan kuɗi ko sakamakon jarrabawa a na'urar da ba ta samun kariya ba. Amma don koyon bugu da gwajin jarrabawa, Linux Mint na iya tafiyar da ita, ba tare da an biya ko kwabo ba.

Daga ƙarshe, ya kamata shugabannin makarantu su buɗe ɗakunan da suka kulle, su gayyato ɗaliban kimiyyar kwamfuta daga Aliero su auna kowace na'ura, a rubuta sakamakon. Mai lafiya ta koma aiki, mai ciwo a yi mata magani, matacciya a cire sassanta a ceci wasu. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an ɗanɗana ake sanin zuma ce.