Filin Mata: In An Karɓe Lasin Maigida

Wata baiwar Allah ta aiko mini da takarda daga Fulatan ta ƙasar Rogo. Mijinta direba ne, yakan ɗauki masara ya kai kasuwar Dawanau a Kano. Ya sha ƙwaya don kada barci ya sace shi, ya auka wa wata mota a hanyar Karaye. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, amma alƙali ya hana shi tuƙi har wani lokaci. Ga 'ya'ya biyar, ga cefane ya tsaya. Tana tambaya, ko akwai takardar da za a ba shi ya riƙa tuƙin neman abinci kaɗai?

To, a Amurka akwai irinta. A jihohi da yawa, wanda aka kama da tuƙi cikin maye yakan roƙi ƙaramin lasin, wanda ba zai kai shi ko'ina ba sai wurin aiki, ko makaranta, ko asibiti. Sau da yawa sai an ɗaura wa motarsa wata na'ura wadda zai hura wa numfashi. In ta ji giya, mota ba ta tashi.

Amma mu nan, shawarata gare ki, 'yar'uwa, ita ce haƙuri har wa'adi ya cika. Kada ki yarda ya ɗauki mota a ɓoye. Kada kuma ki sayar da akuyarki a ba wani ɗan tasha wai zai samo sabon lasin ta bayan gida. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna kan hanya, kuma in suka kama shi, laifi ya zama biyu. Gara ya roƙi mai motar ya sa wani direba, shi kuwa ya riƙa bi yana lura da lodi. Da babu gara ba daɗi. Ke kuma ki riƙe sana'arki, ko ƙuli-ƙuli ko saƙa, ki shiga adashi.

Kada mu ce ai mazanmu ba su shan giya. Maye ba a kwalba kaɗai yake ba. Tun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa samari da matan aure, ga kuma taramol. Ke kika fi kowa sanin mijinki. In kin ga idonsa ya sake, ko ya kwana biyu bai runtsa ba, yi masa magana da taushi tun a ɗaka. In ya ƙi ji, gaya wa yayansa ko wani babba wanda yake jin kunyarsa.

Ku kuma 'yan makaranta, in kun ga direba yana magana baki na harɗewa, ku sauka ku jira wata motar. Gara a makara da a kwana asibiti.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.