Waiwaye: Guraben da Mendeleev Ya Bari

Duk wanda ya yi ajin kimiyya a sakandare ya san jadawalin sinadarai da ake liƙawa a bangon ɗakin gwaje-gwaje. A yau gidajensa 118 ne, kowanne da mai shi, ɗalibai kuma na haddace ashirin ɗin farko saboda jarrabawa. Ganin sa a cike ne ke sa mu manta cewa da giɓi ya zo duniya, kuma giɓin ne ya jawo masa daraja.

A shekarar 1869, Dmitri Mendeleev, haifaffen Tobolsk a Siberiya, yana koyarwa a Jami'ar St. Petersburg ta ƙasar Rasha, yana kuma rubuta wa ɗalibansa littafi. Sinadarai 63 aka sani a lokacin, wato tushen abubuwa irin su ƙarfe, zinare, azurfa, dalma da farar wuta. Damuwarsa ta malami ce: da wanne zai fara, wanne zai biyo baya? Sai ya jera su bisa nauyin ƙwayar zarrarsu, daga mara nauyi zuwa mai nauyi. Nan ya lura cewa halayensu zagayowa suke yi. An ɗan yi gaba kaɗan, sai a ci karo da wani mai ɗabi'ar wanda aka baro a baya. Ya tara masu hali ɗaya a layi guda, suka zama dangi.

Wannan dangantaka tana nan har a madafa. Sodiyam ne a cikin kanwa, fotasiyam ne a cikin toka, su biyun kuwa layinsu ɗaya a jadawali. Shi ya sa in kanwa ta yanke, ruwan toka kan yi wa uwargida aikinta a miya.

Ba Mendeleev ne ya fara hango wannan zagayen ba. John Newlands na Ingila ya riga shi, ya ce hali na maimaita kansa a kowane sinadari na takwas. Amma shi cusa su ya yi bai bar sarari ko ɗaya ba, har yakan haɗa biyu a gida guda don lissafi ya fita. Da ya gabatar da aikin a Landan a 1866, wani masani ya tambaye shi cikin ba'a ko ya gwada jera su bisa haruffan sunayensu. Lothar Meyer na Jamus shi ma ya yi nasa jadawalin mai kyau. Abin da ya fifita Mendeleev shi ne, inda ya ga babu sinadarin da ya dace da wani gida, sai ya bar gidan a buɗe, ya ce mai shi na nan tafe. Bai tsaya nan ba. A 1871 ya dubi maƙwabtan wasu gidaje uku da ya bari a buɗe, ya siffanta masu su dalla-dalla.

Na ƙarƙashin alminiyam, ya ce nauyin zarrarsa zai kai 68, zai ninka ruwa nauyi sau 5.9, kuma ba zai yi wuyar narkewa ba. A 1875 wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya gano galiyam, ƙarfen da ɗumin tafin hannu ke narkar da shi. Da ya auna sau nawa ya ninka ruwa nauyi, sai ya sami 4.7. Mendeleev, wanda bai taɓa sa ƙarfen a ido ba, ya aika da saƙo cewa a sake awo, akwai gauraye a ciki. Aka tace, aka sake aunawa, sai ga 5.9. Sauran gidajen biyu ma sun sami masu su. A 1879 Lars Nilson ya gano sikandiyam a Suwidin. A 1886 Clemens Winkler ya gano jamaniyam a Jamus, nauyinsa 72.6, alhali Mendeleev ya ce 72. Gani ya kori ji, masu shakka suka yi shiru.

Duk da haka mutumin ba ma'asumi ba ne. Bai san da zuwan iskar agon ba, wadda aka gano a 1894, sai da aka ƙara wa jadawalin sabon layi domin ita da danginta. Ya yi hasashen wasu sinadaran da har yau babu su. Akwai kuma batun aidin, wanda ake sa wa gishiri don maganin maƙoƙo. Teluriyam ya fi aidin nauyi, amma Mendeleev ya sa shi a gabansa, domin halin aidin irin na kulorin ne. Wurin da ya ajiye su daidai ne, dalilinsa ne ya kauce, don shi ya ɗauka masu awo ne suka yi kuskure.

Amsar ba ta zo ba sai bayan rasuwarsa a 1907. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa zarra tana da ƙaramar cibiya inda kusan duk nauyinta ya taru, elektiron kuma na kewaye da ita. A 1913 wani matashi, Henry Moseley, ya yi amfani da hasken eksire ya tabbatar da cewa matsayin sinadari ba daga nauyinsa yake ba, daga cajin cibiyarsa yake, abin da a yau muke kira yawan furoton. Teluriyam na da 52, aidin na da 53. Shi ke nan, rigima ta ƙare. Moseley ya nuna wasu guraben da suka rage da lambobinsu, 43, 61, 72 da 75, kafin a kashe shi a fagen yaƙi a Galifoli a 1915, yana da shekara 27. Daga baya duk an cike su.

Waiwaye adon tafiya, in ji Hausawa. Da Mendeleev ya ji kunyar giɓi ya cusa abin da bai dace ba, da jadawalinsa ya bi sahun na Newlands. Malamanmu sun daɗe da sanin wannan, domin an shaidi Imamu Malik da yawan cewa bai sani ba in an yi masa fatawa, hakan kuwa bai rage masa komai ba. Mu a yau malamin aji, makanike, mai kemis da mai sharhi a Facebook, kowa na gudun a ce ya gaza, sai ya toshe ramin da shaci-faɗi. Wanda aka ba amsar ƙarya kuwa ya daina nema ke nan.

Sai dai “ban sani ba” iri biyu ce. Akwai ta malalaci, wadda ke kashe magana. Akwai ta mai ilimi, wanda zai ce ga iyakar sanina, ga abin da ya rage, ga kuma kamannin da nake zaton zai zo da su, in na yi kuskure a kama ni. Irin ta biyun ce ya kamata mu koya wa yaranmu, mu kuma daina raina malamin da ya ce a ba shi zuwa gobe ya bincika.