Neman Gurbin Karatun Kiɗa: Zaƙin Murya Kaɗai Ba Ya Kai Yaro Jami'a

Duk wanda ya taɓa halartar Sallar Gani a Daura ya san cewa ƙasar nan ba baƙuwar kiɗa ba ce. Daga ƙofar fada zuwa unguwar Kusugu, tambari da kakaki da algaita ba sa barin kunne ya huta. Haka kuma ran Lahadi, a majami'unmu, za ka tarar da yaro ɗan shekara 15 yana buga kibod ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa, sai kunne kawai da baiwar da Allah ya ba shi. Tambayar da ke gabanmu yau ita ce: idan irin wannan yaro ya ce yana son ya karanci kiɗa a jami'a, ta wace ƙofa zai shiga, kuma me ke tare shi a bakin ƙofar?

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne abin da ya faru da wani saurayi a ƙungiyar mawaƙanmu. Ya ci jarrabawar JAMB da maki mai kyau, iyayensa suka sayar da akuya biyu aka haɗa masa kuɗin mota zuwa wata jami'a a Kudu. Da ya shiga ɗakin gwaji ya rera waƙarsa, malaman suka yaba. Sai aka miƙa masa takarda mai layi biyar-biyar da ɗige-ɗige, aka ce ya rera abin da ke rubuce. Nan ido ya raina fata, domin bai taɓa ganin irin wannan rubutu ba. Ya dawo gida, shekara ta wuce, kuɗi sun tafi. Laifin kuwa namu ne da muka tura shi ba shiri.

Ƙofofi uku ne

Ya kamata iyaye su fahimci cewa mai neman karatun kiɗa ƙofofi uku yake bi, alhali yawancin ɗalibai biyu suke bi. Ta farko ita ce sakamakon WAEC ko NECO, da kiredit biyar ciki har da Turanci. Ta biyu ita ce jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, kuma tun 2015 ake rubuta ta da kwamfuta. A 2025 an tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙanƙanta na shiga jami'a, da 100 na kwalejojin ilimi da na fasaha, amma kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata. Batun shekaru ma ya jawo ce-ce-ku-ce: a 2024 Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai ɗan shekara 18, daga baya wanda ya gaje shi, Dokta Tunji Alausa, ya mayar da shi 16.

Ƙofa ta uku ita ce gwajin gaba da gaba, inda ɗalibi zai tsaya gaban malaman sashen kiɗa. A nan ne 'ya'yanmu suka fi faɗuwa. Galibi za a nemi ya rera ko ya kaɗa abin da ya shirya daga gida. Sa'an nan a gwada kunnensa: malami ya buga sauti a piyano ya ce ya maimaita, ko ya tafa wani salon kiɗa ya ce ya tafa irinsa. Bayan haka a gwada ko ya iya karanta rubutun kiɗa, a kuma yi masa tambayoyi kan ƙa'idojinsa. Kashi na farko da na biyu ba sa ba yaranmu wuya, don sun tashi cikin ganga da tafi. Na ukun ne matsala. A majami'u da dama ana koyar da waƙa da baki, ko kuwa da do-re-mi da ake rubutawa da haruffa. Wannan yana da amfani ƙwarai, kuma tsani ne mai kyau, amma malaman jami'a rubutu mai layi biyar suke aiki da shi. Makarantun sakandarenmu kuwa da wuya ka sami wadda take da malamin kiɗa, ko da yake darasin yana cikin manhajar WAEC.

Ina makarantun suke?

Matsala ta gaba ita ce nisa. Sashen kiɗa na farko a jami'ar Nijeriya an buɗe shi ne a Nsukka a 1961. Daga baya Ile-Ife da Abraka da Awka da Uyo da Fatakwal suka bi sahu. A Legas akwai makarantar ƙungiyar MUSON, ƙungiyar da aka kafa a 1983, wadda tun 2006 Gidauniyar MTN ta fara ɗaukar nauyin ɗalibanta masu difloma ta shekara biyu. Amma sai wanda ya riga ya ci jarrabawar matakai ta kiɗa yake samun shiga. A Ogbomoso makarantar tauhidi ta Baftis tana da tsangayar kiɗan majami'a. Mafi kusa da mu su ne Jami'ar Jos da makarantar horar da malamai ta tarayya da ke Pankshin, dukansu a Jihar Filato.

Mai karatu zai lura cewa yawancin waɗannan sunaye a Kudu suke. A jami'o'inmu na Katsina da Kano da Zariya ana nazarin waƙa, amma a sashen Hausa a matsayin adabin baka, ko a sashen wasan kwaikwayo. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun yi aiki mai yawa kan makaɗa da mawaƙan Hausa. Sai dai nazarin kalmomin waƙa daban, koyon sarrafa sauti da rubuta shi daban. Abin mamaki ne a ce Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, amma jikan makaɗin kalangu da ke son digiri a kan kalangun sai ya yi tafiyar yini guda cur ko fiye kafin ya sami inda za a saurare shi. Daura ta sami kwalejin fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri a 'yan shekarun nan, muna kuwa godiya, amma kiɗan da masarautar ta shahara da shi bai sami aji ko ɗaya ba.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A al'adarmu kiɗa sana'ar gado ce, kuma an haɗa ta da roƙo. Uba zai yi alfahari ya ce ɗansa yana karatun likita ko lauya, amma ya ji nauyin cewa yana karatun kiɗa. Muddin iyaye ba su nema ba, gwamnati ba za ta ga dalilin buɗe sashen ba.

Idan an samu gurbi fa?

Samun gurbi ma wani mataki ne da ke bukatar natsuwa. Tun 2017 duk wani gurbi na halal ta tsarin CAPS na hukumar JAMB yake fitowa, kuma ɗalibi da kansa zai shiga intanet ya karɓa ko ya ƙi. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai samo wa yaro gurbi ta bayan fage, ku guje shi, domin gurbin da JAMB ba ta sani ba yana iya hana yaro zuwa bautar ƙasa bayan ya gama.

Kafin a karɓa, a zauna a yi lissafi. Ban da kuɗin makaranta da na ɗaki da na mota, ɗalibin kiɗa yana bukatar kayan kiɗa nasa na kansa don bita. A bincika ko sashen yana da malami a fannin da yaron yake so, murya ce ko piyano ko kayan gargajiya. Dokar rancen ɗalibai ta 2024 ta buɗe hanyar neman rance daga asusun NELFUND ga 'yan makarantun gwamnati, amma a tuna bashi ne, za a biya. Kada kuma a raina NCE ko difloma. Wanda ya gama su yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, kuma ya shiga da ƙafar dama, don ya riga ya iya karatun rubutun kiɗa. Game da aiki, akwai koyarwa, da gidajen rediyo da talabijin, da ƙungiyoyin badujala na soja da 'yan sanda, da ɗakunan ɗaukar waƙa da suka cika Kano da Jos da Kaduna.

Abin yi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ke son wannan karatu ya fara shiri tun yana aji biyu na babbar sakandare. Ya duba littafin bayanin JAMB ya ga darussan da kowace jami'a take nema, domin sun bambanta. Ya zaɓi waƙa biyu, ɗaya ta Hausa ɗaya ta Turanci, ya bita har su zauna. Ya nemi wanda zai koya masa rubutu mai layi biyar, ko da rabin awa ne a mako. Wanda ya iya do-re-mi ba zai daɗe bai gane shi ba.

Mu ma shugabannin ikilisiya da sauran aiki a gabanmu. Kowace gunduma tana iya gayyato malamin kiɗa guda lokacin dogon hutu, ya yi wa matasa horon mako biyu. Kuɗin da za a kashe bai kai na akuyoyin da iyayen saurayin nan suka sayar ba. Sa'an nan muna kira ga Gwamnatin Jihar Katsina da hukumomin jami'o'inmu su duba yiwuwar buɗe sashen kiɗa, ko da a matakin difloma ne, inda za a koyar da algaita da kukuma da gurmi tare da piyano, a kuma rubuta kiɗan fada kafin tsofaffin da suka san shi su ƙare.

Saurayin da na ambata yana nan yana bitar rubutun kiɗa kowace yamma, zai kuma sake gwadawa. Allah ya ba shi sa'a, ya sa ƙannensa su tarar da ƙofar a kusa da gida.