WA'AZIN NAZARAT DA RUMBUN TALAKAN KARA

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, ku ba ni aron hankalinku. Na san mafi yawan masu karanta wannan mujalla Musulmi ne, kuma wani zai ce ina ruwan ƙungiyar ɗalibai da wa'azin majami'a. To, ya yi haƙuri ya karanta zuwa ƙarshe, domin maganar da na kawo ta rumbu ce da bashi da gona, kuma yunwa ba ta tambayar mutum inda yake sujada kafin ta shiga gidansa.

Ni Bahaushe ne Kirista, daga wani ƙauye a yankin Kara cikin ƙasar Gwarzo. Kakanninmu Maguzawa ne, irin waɗanda ke warwatse a ƙauyukan yammacin Kano, daga Gwarzo da Kabo har Karaye da Rogo. A hutun Kirsimeti na 2024 wani mai wa'azi ya zo mana daga birni cikin mota mai sanyi, ya buɗe Bishara ta hannun Luka, sura 4, ya karanta. Da ya zo fassara sai ya ce matalautan da ake nufi a wurin matalauta ne na ruhu, ɗaurarrun kuwa waɗanda zunubi ya ɗaure ne, saboda haka kada kowa ya kawo zancen abinci ko siyasa cikin maganar Allah. Ya rufe da cewa duk mai son fita daga talauci ya ba da baiko mai tsoka, zai girbe ninkin-ba-ninkin.

A bencin gaba baffana yana zaune. A damina ta wannan shekara, da hatsi ya ƙare a watan Agusta, ya ranci buhun dawa ɗaya a kan zai biya biyu da kaka. Kafin nan ya riga ya jinginar da gonarsa ta fadama don ya biya kuɗin jinyar matarsa. Da muka fito na ce, "Baffa, ka ji wa'azin?" Sai ya ce, "Na ji, ɗana. Ashe ba da mu Almasihu yake ba." Wannan magana ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami. Ina so in nuna cewa da shi ake, kuma mai wa'azin nan ya yi wa nassin fashi da rana tsaka.

Ga abin da ke cikin surar, daga aya 16 zuwa 30, ga wanda bai taɓa karantawa ba. Yesu Almasihu, wato wanda 'yan'uwanmu Musulmi ke kira Annabi Isa, ya koma Nazarat, garin da ya girma, ya shiga majami'a ran Asabar. Aka miƙa masa littafin Annabi Ishaya, ya zaɓi wurin da a yau muke kira sura 61. Wurin yana zancen wani manzo da aka aiko da albishir zuwa ga marasa abin hannu, da sakin waɗanda ke tsare, da buɗe idon makafi, da ƙwance waɗanda aka danne, da shelar wata shekara ta tagomashin Allah. Ya naɗe littafin, ya zauna, ya shaida musu cewa abin da suka ji ya tabbata a wannan rana da suke ciki. A tsarin Luka wannan ne wa'azinsa na farko da aka kawo abin da ya ƙunsa, watau shi ne manufar aikinsa baki ɗaya.

Shin wane matalauci ake nufi? Ba sai mun yi gardama da ka ba, Luka da kansa ya ba da amsa. Kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita tana nufin fakiri wanda ya kai ga bara. Da ita ya siffanta Li'azaru a sura 16, mutumin da ke yashe a ƙofar attajiri, jikinsa duk miki, yana jiran ɓarɓashin da zai faɗo daga teburi. Da ita ya yi amfani a sura 14, inda aka umarci mai yin walima ya gayyaci matalauta da guragu da makafi, waɗanda ba za su iya rama gayya ba. A sura 6 kuwa ya jera albarka ga matalauta da mayunwata, sa'an nan ya jera kaito ga mawadata da ƙosassu. Haba jama'a! Karnukan da suka riƙa lasar mikin Li'azaru su ma na ruhu ne?

Bugu da ƙari, malaman Littafi Mai Tsarki da yawa sun yarda cewa shekarar tagomashin nan tana nuni ga dokar da ke cikin Littafin Firistoci, sura 25. Dokar ta ce kowace shekara ta hamsin a busa ƙaho, duk wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gado a mayar masa, duk wanda ya sayar da kansa bauta a sake shi. Dalilin da aka bayar shi ne ƙasa ta Allah ce, mutum baƙo ne a kanta, don haka ba a sayar da ita har abada. A cikin surar an kuma hana karɓar ruwa a kan rancen kuɗi ko na abinci daga ɗan'uwan da ya talauce. Maimaitawar Shari'a, sura 15, ta ƙara da yafe bashi kowace shekara bakwai. Mutanen Nazarat manoma ne da masu sana'ar hannu, suna biyan haraji ga Hirudus ƙarƙashin mulkin mallakar Romawa. Da suka ji zancen saki da shekarar tagomashi, sun san gonar wa ke hannun wa, kamar yadda duk ƙauyenmu an san wanda ke noma fadamar baffana.

Ba zan ɓoye hujjojin abokan gardamata ba. Suna cewa Matiyu, a sura 5, ya ambaci talauci na ruhu. Gaskiya ne, amma Matiyun nan ne a sura 25 ya nuna za a yi wa mutane hisabi a kan ciyar da mayunwaci, da tufatar da huntu, da ziyartar ɗan kurkuku. Suna cewa kalmar saki ita ce kuma ake amfani da ita wajen gafarar zunubi. Wannan ma haka ne, ban kuwa zo in soke gafarar zunubi daga bishara ba. Abin da na ƙi shi ne a yanke rabin nassi a jefar, alhali kuwa kullum rabin da zai taɓa aljihun mai kuɗi ne ake jefarwa. Suna cewa Almasihu bai tara runduna ya kori Romawa ba. Ba mu ce ya tara ba. Har ma da ya karanta Ishaya, sai ya tsaya kafin ya kai wurin da ake zancen ranar ramuwa. Amma ku dubi sura 19. Da ya sauka a gidan Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, mutumin ya tashi ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Bayan wannan ne aka ce ceto ya zo gidansa. A nan attajiri ne ya buɗe jaka don talaka. A majami'armu kuwa talaka aka sa ya buɗe tasa don mai mota.

Akwai kuma rabin labarin da ba a cika karanta mana ba. Da farko mutanen Nazarat sun ji daɗin wa'azin. Sai ya tuna musu cewa a zamanin yunwa an aiki Annabi Iliya zuwa ga wata gwauruwa a Zarefat ta ƙasar Sidon, kuma a zamanin Elisha kuturun da aka warkar shi ne Na'aman, mutumin Suriya. Dukansu biyu bare ne, ba 'yan addininsu ba. Nan take suka fusata, suka ja shi zuwa gaɓar dutse don su jefo shi. Sun so sakin ya tsaya a iyakar danginsu, shi kuwa ya ƙi. Saboda haka Kiristan da ya karanta wannan sura ya ce ruwansa da talakan majami'arsa kaɗai, ya shiga sahun masu jifa. Manomin Musulmi na Getso ko Garo da ya ranci buhu ɗaya zai biya biyu yana cikin wannan albishir, kamar yadda baffana yake.

Wannan karatu ba ƙirƙirar ɗalibi mai zafin kai ba ce. A 1968 bishop-bishop na Katolika na Latin Amurka suka taru a Medellin ta ƙasar Kolombiya, suka bayyana cewa talaucin jama'arsu ya samo asali ne daga tsarin zalunci. A 1971 wani limamin Katolika ɗan ƙasar Peru, Gustavo Gutierrez, ya buga littafinsa a kan tauhidin 'yantarwa. Babban bishop na San Salvador, Oscar Romero, ya roƙi sojojin ƙasarsa su daina harbin talakawa, washegari, ran 24 ga Maris 1980, aka harbe shi yana tsakiyar ibada. A 1985 malaman majami'u a Afirka ta Kudu suka fitar da takardar Kairos, suna sukar majami'un da ke wa'azin sulhu ba tare da adalci ba a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata. Hukumar Fadar Paparoma ta yi gargaɗi a 1984 game da cuɗa wannan tauhidi da aƙidar Markis, amma a 2018 majami'ar ta sa Romero cikin tsarkakanta.

Mu a ƙasar Kano ma ba baƙin wannan gwagwarmaya ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya soki jangali da sauran ƙwace-ƙwacen sarakunan zamaninsa da hujjar addini. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950, da jagoranta Malam Aminu Kano, ta sa talaka ya ɗaga kai ya dubi hakimi ido da ido. A 1979 gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, kuma tsofaffin ƙauyenmu, Musulmi da Kirista, ba su manta da ranar da aka sauke musu wannan kaya ba. Don haka abokanmu na ɗakin lacca masu cewa addini maganin barci ne da ake ɗura wa talaka su ma su gyara zance. Wani wa'azin yana sa barci, wani kuma yana tayarwa, ya danganta da teburin da mai wa'azin ke cin abinci. Ba na kuma musun alherin da 'yan mishan na SIM suka yi, irin jinyar kutare a Yadakunya tun shekarun 1930. Sai dai jinƙai dabam, adalci dabam, nassin kuwa ya nemi duka biyun.

Yanzu ku dubi inda muke. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Nijeriya miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na taki da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. A watan Agusta 2024 jama'a suka fito zanga-zangar yunwa, a watan Nuwamba kuma muka ga yara ƙanana, da dama 'yan Kano, an kawo su kotu a Abuja bayan watanni a tsare, wasu suna faɗuwa don galabaita, kafin daga baya a sake su. Ga ɗaurarru nan, ga matalauta nan, a jiki guda. Mai wa'azin da ya ga wannan ya dawo ya ce mana zancen ruhu ne kawai, ko dai bai iya karatu ba, ko kuwa ya san wanda yake karewa.

To, me muke nema? Na farko, hatsin da ake kawowa majami'a ran godiyar kaka a daina kai shi kasuwa duka. A ware kaso a zuba a rumbun tsimi, a ranta wa mabukata da damina, tiya ɗaya a biya tiya ɗaya, ko da mai rancen Musulmi ne. Na biyu, duk dattijon ikkilisiya da ke riƙe da gonar jingina wadda ya riga ya ci amfaninta fiye da kuɗin da ya bayar, ya mayar wa mai ita kafin ya sake tsayawa gaban jama'a ya karanta Luka. 'Yan'uwanmu Musulmi su ma su yi wa nasu attajiran wannan tambaya, tun da riba haramun ce a wurinsu. Na uku, mu ɗalibai, in mun koma gida hutu mu zauna da iyayenmu mu rubuta wanda ke bin su, da nawa aka ba su, da nawa suka riga suka biya, domin da yawa rashin takarda ke sa su biya sau biyu. Na huɗu, ku ma'aikata da takardun rabon taki da hatsin agaji ke bi ta teburinku, ku tuna cewa Zakka ma ma'aikacin gwamnati ne, kuma da abin da ya mayar aka auna tubarsa.

Ni dai in Allah ya kai mu hutu mai zuwa, zan nemi izinin dattawa in tsaya a majami'armu in karanta sura 4 tun daga aya 16 har 30, ba tare da tsallake ko ɗaya ba, baffana yana bencin gaba. In an ja ni zuwa gaɓar dutse, to a ƙauyenmu babu dutse mai tsawo. Allah ya ba talaka sawaba.